Shekarar da Na Ƙi Sa Hannu

Kun tashi kuna jin ana cewa taurin kan uwarku ne ya fitar da mu daga gidan kwatas, ya mayar da mu ɗaki biyu a bayan kasuwar Talata Mafara. Goggonku ta faɗa, kakarku ta faɗa har ta koma ga Allah, kuma na san wasunku sun yarda, don na taɓa jin Rabi tana maimaita wa mijinta, tana tsammanin ba na ji. Ban musa ba. Taurin kai na yi, kuma da za a dawo da shekarar nan da na sake yi. So nake kawai ku san a kan me na yi shi, tunda ku kuka kwana a ɗaki mai yoyo saboda shi.

A shekarun da aka tare kogi a Bakolori ina koyarwa a firamare, babanku kuma yana tuƙa tarakta a ɗaya daga cikin kamfanonin da suka samu kwangila a wajen. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Su suka ba mu gidan kwatas, mai famfo a tsakar gida da wutar lantarki, abin da babu wanda ya taɓa samu a danginmu. Ana nan sai aka ba kamfanin wani aiki na daban: a riƙa zagaya ƙauyukan da ke ƙasan madatsar lokaci-lokaci, a tambayi mutane yadda suke rayuwa, don a ga ko tare ruwan ya ɗaga su ko ya durƙusar da su. Ma'aikata maza ba sa shiga cikin gida, iyakarsu zaure, kuma babu magidancin da zai zauna a zaurensa ya ce wa baƙo jiya ba a ɗora tukunya ba. Sai aka nemi mace mai ilimin boko. Babanku da kansa ya kai sunana. Na ajiye alli na rataya jakar takardu. Mota takan sauke mu a bakin hanya, mu ƙarasa da ƙafa.

Cikin wuraren da aka ba ni har da wata 'yar unguwa kusa da Dakko, ta wajen Bakura, ana ce mata Gangare. Gidajen ba su da yawa, in ka fara da hantsi kafin azahar ka zagaye su. Mutanen fadama ne tun kakanni. A da, kowace damina kogi yakan cika ya malala cikin gonakinsu, ya bar musu laka da danshi. Su yi shinkafa, in ruwa ya janye su yi albasa da dankali, su kama kifi a tafkunan da ya bari. Da aka tare shi sai ya daina hawowa. Magudanar ban-ruwa da aka gina kuma ta tsaya can sama, wajen unguwannin bakin titi, ba ta iso su ba. Suna hango kore a gonakin maƙwabta, nasu kuwa ƙasa ta tsage.

Takardar da nake cikewa abubuwan da ido ke gani take tambaya. Rufin ɗaki kwano ne ko ciyawa? Akwai keke? Akwai rediyo? Mutum nawa ke ci a tukunyar gidan? Zuwana na farko na cike ta tsaf, ina jin kaina ma'aikaciya. A gida na ƙarshe na tarar da wata tsohuwa tana sussukar dawa. Sunanta Inna Tumba, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta Mamman da matarsa da jikoki. Ta amsa duk abin da na tambaya, sannan ta jingine taɓarya ta dube ni.

"Ɗiyata, kin ƙare?"

"Na ƙare, Inna."

"To ba ki tambayi komi ba. Ki tambaye ni yaushe hatsinmu ka ƙarewa mu koma awo kasuwa. Wagga ita ce tambaya."

Babu gurbin wannan a takardar kamfani. Akwai wani littafin rubutu na ɗalibai da ya rage a jakata, sai na ciro shi na rubuta amsarta. Daga nan na koma gidajen da na baro, ɗaya bayan ɗaya, na yi wa matan wannan tambaya. A wannan karon yawancinsu sun ce hatsi yana kai su har ruwan farko ya sauka. Kaɗan ne suka ce tun bazara suke komawa awo, su ma na rubuta sunayensu.

Bayan damina biyu aka sake tura mu. A ofis an ce kowa ya shiga gidajen da suka sauwaƙa, ba dole sai waɗanda ya shiga a baya ba. Ni kuwa na ɗauki littafina na bi gidajen nan dai, a kan jerin da na bi su da farko. A nan idona ya buɗe. A sauran ƙauyukan da nake zuwa, za ka tarar wanda ya sha wuya a wancan karo ya farfaɗo, wani kuma ya faɗi saboda ciwo ko mutuwar san noma. Haka rayuwa take, yau wannan gobe wancan. A Gangare babu gida ko ɗaya da ya farfaɗo. Waɗanda suke ƙasa suna nan inda na bar su, waɗanda suke sama sun gangaro sun same su. Mata sun fara sayar da awaki, sun koma kan tasoshin jeren ɗakinsu. Na faɗa wa shugaban sashenmu, Malam Garba. Ya saurare ni da kyau, ya ce in ci gaba da lura, aikin bai ƙare ba tukuna.

Zagaye na uku shi ne shekarar da nake ba ku labari. Ina goyon Rabi a lokacin, da ita na je. Tun daga bakin unguwar na ji shirun ya yi yawa, don lokacin aiki ne amma ba na jin sautin daka. Gida bayan gida mata da tsofaffi nake tararwa, mazan sun tafi cin rani, wasu tun bara ba su dawo ba. Tambayar hatsi kuwa wasu dariya suka yi mini, suka ce tun sanyi bai fita ba suke awo. A gidan Inna Tumba na ga rumbun da na sani ya zube, ƙasarsa ta zama tudu, kaji suna tono a kai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta karɓi Rabi ta ɗora a cinya, muka gaisa doguwar gaisuwa kamar babu abin da ya faru. Na tambayi Mamman.

"Shina kudu. Damina biyu ke nan. Ya aiko muna da wancan," ta nuna wata rediyo a kan bango, an rufe ta da ƙyalle. "Ba ta magana, babu batir. Amma ki rubuta muna da ita, na san takardarku na son rediyo."

"Rumbun fa, Inna? Ba za a tayar ba?"

"A tayar a sa mi ciki?"

Na cike takardar kamfani, ina ganin abin da takardar take shirin faɗa. Rediyo: akwai. Masu ci a tukunya: sun ragu. Duk wanda ya karanta ta a ofis zai ce gidan Inna Tumba ya samu sauƙi.

Bayan 'yan makonni Malam Garba ya kira ni ofishinsa. Ina so ku san shi ba mugun mutum ba ne. Ranar sunan Rabi shi ya fara zuwa, matarsa kuma ta kawo mini turmin atamfa. Ya miƙo mini rahoton da aka buga, ya ce kowane ma'aikaci zai sa hannu a ƙarƙashin yankin da ya zagaya, saboda manyan baƙin da suka ba da aikin suna tafe daga birni. Na bi shafin da yatsa ina neman Gangare. Babu ita. An haɗe ta da unguwannin bakin titi masu ruwan magudana, an ba su suna ɗaya, an rubuta cewa mutanen yankin sun ci gaba.

"Ranka shi daɗe, ina Gangare?"

"Tana ciki, Malama Dije. Ta yi ƙanƙanta da a ba ta layi nata, shi ya sa aka haɗa."

"An haɗa mai ruwa da marar ruwa, an ce kowa ya sha."

"Ba ƙarya muka rubuta ba. In kika tara yankin gaba ɗaya, an ci gaba. Ko kina musu?"

"Ba na musu. Amma ni ba yanki aka aike ni ba, gidaje aka aike ni. Sau uku na shiga gidajen nan, kowane zuwa sun fi na baya lalacewa. A ba su layinsu, ko da ƙasan shafi ne, in sa hannu yanzu."

Ya cire tabarau ya goge, ya ce in irin wannan layi ya fito, baƙin za su yi tambayoyi, kwangila ta gaba kuma mutane da yawa ne ke jiran ta, har da mijina. Ya ce in tafi gida in yi shawara, akwai mako guda.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da kakarku zaune a tsakar gida bayan la'asar, goggonku tana gefenta, babanku yana wanke ƙafa a bakin famfo bai ɗago ba. Kakarku ba ta bari na sauke goyo ba.

"Dije, mi nika ji? An ce an ba ki takarda ki sa hannu kin ƙiya."

"Haka ne, Iya."

"Mutanen Gangare danginki ne? Su za su ciyar da ɗiyanki in anka kore ku? Ke kika tare kogin?"

Goggonku ta ce boko ne ya hau mini kai, ta ce mace in ta fara karɓar albashi sai ta ga kowa ƙasa. Ban taɓa mayar wa kakarku magana ba, kuma ban fara ranar ba. Da suka shiga ɗaki babanku ya zo ya zauna kusa da ni. Kun san shi, maganarsa ba ta da yawa.

"Ni na kai sunanki wurin nan," ya ce. "In kin ƙi, ba ke kaɗai za su sallama ba."

"Na sani, Malam."

"Abin da suka rubuta, ƙarya ne?"

"In aka karanta shi, babu wanda zai sake waiwayar mutanen nan. Za a ce an duba an ga suna lafiya, kuma ga hannun macen da ta shiga ɗakunansu."

Bai ce in sa ba, bai ce kar in sa ba. Abin da ya ce kawai shi ne gobe zai je ya duba ko ɗakunan kawunsa na bayan kasuwa suna nan babu kowa. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin nauyin abin da nake shirin jawo masa kamar ranar ba. Kar ku ɗauka ban yi kokwanto ba. Kwana uku ina duban famfon nan, ina duban yayanku Bello da aka sa a makarantar 'ya'yan ma'aikata, ina ce wa kaina sa hannu ɗaya ne, ba ni na rubuta ba.

A rana ta huɗu na shiga motar kasuwa na koma Gangare, ba da aiken kowa ba. Na faɗa wa Inna Tumba komai, na ce ina so in buɗe littafina gaban baƙin, amma sirrin gidajensu ne a ciki, ba zan buɗe ba sai da izini. Ta aika aka kira matan maƙwabta, suka zauna suka tattauna a gabana. Wasu suka ce a'a, kunya ce a tara manyan mutane a ce musu gidan wane ba ya da abinci. A ƙarshe Inna Tumba ta yanke.

"Nawa ki faɗa, da sunana da na ɗana. Na tsufa, ba wanda za ya ƙi aurena. Na sauran ki faɗi abin da kika gani, ki bar sunansu, suna da ɗiya mata da za su aurar."

Ranar taron aka jera kujeru a wani babban ɗaki a Talata Mafara. Ni kaɗai ce mace cikin ma'aikata, aka zaunar da ni gaba don baƙi su gani. Malam Garba ya karanta rahotonsa aka tafa. Ya nuna ni ya ce ga wadda ta shiga har ɗakunan mata. Ina jin ya ɗauka ko ban sa hannu ba, kunya za ta rufe mini baki. Sai ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai furfura, ya juyo ya ce, Malama, ke da kika shiga ciki, me kika gani?

Na miƙe. Na ce akwai wata unguwa da ba ta cikin takardar da ke hannunsu. Na buɗe littafin na karanta musu gidan Inna Tumba a zuwa na farko, da na biyu, da na uku. Na ce sauran gidajen haka suke, ba ɗaya da ya tashi. Na ce ba shekara ɗaya ce ta yi musu muni ba, tun da ruwa ya daina hawa fadamarsu suke gangarawa, kuma ba za a gane haka ba sai an koma gidajen nan dai, an yi musu tambayar nan dai. Wani daga cikin manyan kamfanin ya katse ni, ya ce wannan littafin ɗalibai ne, ba takardar aiki ba ce.

"Gaskiya ne, ranka shi daɗe," na ce. "Takardar aiki ta tambaye su rediyo. Ni na tambaye su abinci. Wanda yake shakka, daga nan zuwa can ba nisa, a tashi mu tafi yanzu."

Babu wanda ya tashi. Dattijon ya nemi littafin, na ce ba zan bayar ba saboda sunayen mutane, amma zan kwafe masa abin da ke ciki babu suna. Na zauna a ƙarshen ɗakin na kwafe, ana ta cin abinci a bayana, babu wanda ya miƙo mini faranti.

Ba a kore ni da hayaniya ba. Ƙarshen wata aka ce aikin zagaye ya ƙare, ba a bukatar mace kuma. Wata na gaba aka ce an rage direbobi, sunan babanku ne a sama. Aka ba mu mako biyu mu bar gidan. A kurar shanu muka kwashe kaya, kakarku tana tafe a baya tana faɗa wa duk wanda muka gamu da shi laifin wa. Aka cire Bello daga makarantarsa, ya yi kuka har ya yi zazzaɓi, kuma na san har yau abin yana ransa. Koyarwar da na bari sai da na yi shekara biyu ina zirga-zirga kafin a mayar da ni. A tsakanin nan ƙosai na riƙa soyawa, babanku yana gyaran injin niƙa a kasuwa. Bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, amma na ga yadda yake juya kai in tarakta ta wuce.

Za ku ce me aka samu. Ba zan ƙara gishiri ba. Magudana ba ta isa Gangare ba, Mamman bai dawo ba sai da gawar uwarsa ta kira shi. Wani tsohon abokin aikina ya faɗa mini cewa a rahoton da aka sake bugawa an ba unguwar layinta, da sunanta, aka rubuta cewa halinta ya bambanta da na maƙwabta. Bayan wasu shekaru an haƙa musu rijiyoyi a fadama, wasu suka koma albasa. Ko layin nan ne ya jawo, ko wani dalili ne, ban sani ba, kuma ba zan yi iƙirarin abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne babu wata takarda a duniya da ta ce mutanen nan suna lafiya da hannuna a ƙasanta.

Shekaru da yawa bayan haka, mun tsufa duka, na gamu da Malam Garba a kasuwa ranar Talata, yana zaɓen tumatir. Muka gaisa sosai, ya yi mini ta'aziyyar babanku, na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Har na juya zan tafi ya kira ni.

"Malama Dije, tsakaninki da Allah, har yanzu kina ganin daidai kika yi? Kin wahalar da yaranki a kan gidajen da ba su cika tafin hannu ba."

"Ranka shi daɗe, ka taɓa zuwa Gangare?"

Ya ce bai taɓa ba.

"To jibi ana sunan tattaɓa-kunnen Inna Tumba, sun aiko mini da goro. Motar Bakura tana tashi da hantsi. Zan kama maka wuri."

Ranar sunan na kama masa wurin, kusa da taga. Direba ya yi ta jira har fasinjoji suka fara faɗa. Na ce masa ya ja mu tafi, na ɗora ƙwaryar barkata a kan kujerar.